Dardumar da Yaya Ta Ƙi Juyawa

Idan kana neman darduma a unguwarmu, duk wanda ka tambaya shagon yayata zai nuna maka, sannan ya bi ka da gargaɗi: ka tafi da haƙurinka, don ba lallai ne ta sayar maka ba. Kuma ba sharri suke mata ba. Na sha ganin mutum ya shigo da ƙarfinsa, ya nuna wadda ta kwanta masa a rai, Yaya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba ta gidanka ba ce." Mutumin da ba ta taɓa gani ba, balle gidansa. In ya tsaya gardama sai ta ja mayafi ta ce, "Mu je in gani." Ta bar ni da gadin shago, ni da ba abin da na iya a harkar sai surutu da miƙa wa baƙi ruwa.

Ni ce ƙanwarta, kuma tun da ciwon baya ya raba ni da keken ɗinki, a shagon nake yini. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

In ta isa gidan mutum, ba bango take kallo ba, ba kujeru ba. Takalmi take cirewa ta zauna daɓas a tsakiyar falo kamar wadda ta zo cin abinci. Daga nan ƙasa take duba inda rana ke faɗowa ta taga, da hanyar da ƙafa ke bi daga ƙofa zuwa kicin, da ko akwai mai rarrafe a gidan, ko mai dogara sanda. Ta tambayi matar gidan wa ke shara, ta tambayi maigidan a ƙasa yake cin abinci ko a tebur. Sai ta gama wannan binciken take faɗin abin da za a shimfiɗa, in kuwa ta faɗa, to ta faɗa.

Dardumomin shagonta duk masu fuska biyu ne, irin waɗanda ba su da baya, ko ta ina ka shimfiɗa daidai ne. Ta kasa su gida uku da sunayen da ita ta raɗa musu. Akwai kaka, wadda ta girme mu duka, saƙar hannu ta ulu, rininta ya kwanta ya yi sanyi a ido. Kaka ba a kai ta gidan yara, ba a sa ta inda rana ke duka. Ɗaki mai inuwa take so, inda ƙafa ba ta da yawa. Akwai inna, ta zamanin iyayenmu, ta ga jiya amma da sauran ƙarfinta, ita ce ta falo da baƙi. Sai 'yar yayi, saƙar inji da zaren roba, wadda yaro zai kifar mata da shayi ka fitar da ita waje ka watsa mata ruwa, kafin la'asar ta bushe. Yaya ba ta raina 'yar yayi ko kaɗan. Ta ce duk wanda ya kai kaka ɗakin 'yan biyu, shi ya kamata a yi wa faɗa, ba 'yan biyun ba.

Akwai wani ango da ya taɓa zuwa da amaryarsa, ya kafe sai kaka, wai yana so duk wanda ya shigo ya san gidan manya ya shigo. Yaya ta bi su ta zauna a falon, ta ga taga ta cinye rabin bango, ta kuma ga amarya tana tofar da yawu a kai a kai. Ta ce, "Ɗana, ka ɗauki 'yar yayi. Nan gaba kaɗan akwai babban baƙo da zai zo gidan nan, shi kuma ba ruwansa da gidan manya, inda ya ga dama nan zai yi fitsarinsa." Amarya ta rufe fuska, ango ya yi ta sosa ƙeya. Yanzu 'ya'yansu sun cika gida, kuma har yau in ya wuce sai ya leƙo ya gaishe ta.

In tsohuwar darduma aka kawo mata ta saya, nan ake kallo. Takan jiƙa farin ƙyalle ta goga a kan jan zare ta ga ko rini zai zuba. Ta lanƙwasa kusurwa ta kara a kunne, in ta ji ƙas-ƙas zaren ciki ya mutu, ko kyauta ba ta so. Ta ɗaga ta saitin hasken ƙofa tana neman inda asu ya yi kalaci, sannan ta shinshina, don wadda ta kwana cikin danshi ba ta iya ɓoye wa hanci. Daga ƙarshe ta ja geza ta ga ko daga jikin saƙar ta fito, ko kuwa ɗinka ta aka yi daga baya don a ƙara wa yarinya shekaru.

Kuma ba mai fita da darduma daga shagon bai sha wa'azi ba. "A riƙa juya ta," haka za ta ce tana ɗaga yatsa. "Fuska biyu aka yi mata don su raba wahala. Kar ka bar ɗaya tana shan rana da ƙafa, ɗaya tana kwance tana hutawa." Ta faɗa har na haddace, in ba ta nan ni nake faɗa, da irin muryarta har da yatsan.

Amma ta falonta, Yaya ba ta juyawa.

Dardumar nan ita ce mafarin komai. Mijin Yaya direban babbar motar fasinja ne mai dogon zango, kuma har yau Direba ake ce masa ko da yake ya daɗe da ajiye makulli. Ni kuwa Kwandasta yake ce mini, wai muryata kaɗai ta isa ta cika mota. Suna sabon aure ya dawo daga wata tafiya da wani naɗaɗɗen abu a kafaɗa, ya saya a hannun wani fasinja mai ƙaura da kaya suka yi wa yawa. Da aka warware, Yaya ta toshe hanci. Baƙi ƙirin da dauɗa, gefe ɗaya duk ya zare. Na ce, "Direba, wannan a titi ka tsinto ko a ƙarƙashin mota?" Ya ce in jira in gani.

Yaya ta yi kwana da kwanaki tana fama da ita da sabulu da buroshi da ruwan sanyi, ta kama gefen da allurar buhu. Abin da ya fito ya sa na haɗiye maganata. Saƙa ce mai kauri da nauyi, ninki biyu, fuska ɗaya ruwan ƙasa mai haske da zanen ja a gefe, ɗayar kuma jajawur da siririn zanen fari. Maƙwabta suka hango ta a shanye kan katanga, suka fara kawo nasu a wanke, a ɗinke. Daga wanki aka koma gyara, daga gyara aka koma saye da sayarwa, har aka kama shago. Direba kuwa bai daina gori ba. Duk wanda ya yaba shagon sai ya daki kafaɗa ya ce, "A nan na ɗauko shi."

A shekarun farko tana juya ta kamar yadda take koya wa mutane. Wadda ta tsayar da juyin 'yarsu ce ta fari. 'Yar Garaje ubanta ke ce mata, don ba ta taɓa yin abu ɗaya ta gama ba. Tana cin abinci tana ɗaura takalmi, tana gaishe ka ta riga ta kai ƙofa. Wata safiya ta makara, ta shimfiɗa rigar makaranta a kan dardumar tana guga, ƙawarta ta kwaɗa mata kira daga waje, ta ajiye dutsen gugar a kife ta fita. Ƙauri ne ya fito da Yaya daga kicin. Lokacin fuskar ruwan ƙasa ce a sama, kuma dutsen ya bar hotonsa ɓaro-ɓaro, har da tsininsa, kusa da kusurwar da ke wajen taga.

Yarinyar ta dawo daga makaranta ta sha faɗa, ta yi kukanta, sannan ta share hawaye ta ce, "Mama, to mu juya ta mana, ba mai gani."

Yaya ta ce, "Ba za a juya ba. Haka za ta zauna kullum kina ganin aikinki, har ki koyi natsuwa."

Ba ta samu ta koya ba. Kafin shekara ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da ita, 'yan kwanaki kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Mun yi kuka har muka gaji. Da aka watse, aka mayar da kujeru inda suke, sai na lura Yaya ta matsar da filon da take zama a kai zuwa kusurwar taga. Nan take tsintar shinkafa, nan take sauraron rediyo, hannunta na hagu a kan ƙunar. Takan ɗage dardumar a share ƙarƙashi, takan fitar da ita ta sha iska saboda asu, amma yadda aka ɗauke ta haka ake mayar da ita. Ba wanda ya taɓa ce mata uffan, har ni da bakina. Autansu yana goye lokacin da abin ya faru. Ya tashi ya san labarin, amma bai san yarinyar ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, rana da ƙafa suka yi aikinsu. Jan gefen ya koɗe, ruwan ƙasan ya ƙara haske, har dardumar ta koma kalar tayil ɗin falon sak. Mu masu ido ba mu damu ba.

Sai idon Direba ya fara ja da baya. Likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai riƙe abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Abin da ya rage ɗin ba yawa. Yana rarrabe haske da duhu, yana ganin babban abu in kalarsa ta fita daban, ƙananan abubuwa kuwa sun yi masa sallama. Ga shi mutum ne da bai taɓa yarda a riƙe masa hannu ba. In Auta ya miƙo nasa a bakin ƙofa sai ya doke shi ya ce, "Ni da na kai mutane garuruwan da ba su san hanyarsu ba, a falona za a yi mini jagora?" Kuma gaskiya yana lallaɓawa, ɗaki zuwa falo, falo zuwa bencin ƙofar gida inda abokansa ke taruwa, har ranar da babban yatsansa ya shige ƙarƙashin gefen dardumar, don bai ga inda tayil ya ƙare ta fara ba. Ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya samu hannun kujera.

Aka ɗinke goshi, aka dawo gida, Auta ya tara mu. Yaron kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, tsoro ne ya kama shi. Ya ce, "Mama, likita ya ce a kwashe duk abin da zai sa shi tuntuɓe. Ko dai a gyara falon nan yadda zai iya bi, ko kuma Baba ya daina tafiya shi kaɗai. In zai tashi ya kira, a zo a kama shi."

Direba ya ce, "A kama wa? Ɓarawo ne ni?"

Yaya ta ce, "Ku bar ni da falon. Sana'ata ce."

Ta fara da allura. Ta ɗinka siririn baƙin ƙyalle a gefen dardumar, ta zagaye ta duka. Direba ya tsaya a ƙofa ya ƙura ido, ya ce, "Mai Darduma, ni yanzu ba zare nake gani ba, fili nake gani. In abu bai yi faɗin bango ba, ba ni da labarinsa." Ta zauna ta warware ɗinkinta.

Aka naɗe dardumar aka jingine ta a lungun da ke tsakanin falo da kicin, don ɗakinsu ba zai ɗauke ta ba, gado ya cinye wurin. Falo ya koma tayil zalla, abin kuwa ya fi muni. Hasken taga na faɗowa a kai yana ƙyalli, Direba ya ce ji yake kamar an ce ya taka ruwa, bai san inda ƙasa take ba, bai san nisan kujera ba. Ga shi mai zaman ƙasa ne, nan yake cin abinci, nan yake sallah, sanyin tayil ya shiga masa gwiwa.

Sai Yaya ta fara kwaso shago zuwa gida. Ta kawo kaka, wata mai duhu da ta daɗe tana ɓoyo ba ta nuna wa kowa. Kyau kam ba a magana, amma tsufa ya sirantar da ita, yana takawa ta tattare a ƙarƙashin ƙafarsa, ga rana na dukan wurin kai tsaye. Ita da kanta ta naɗe ta tana ba ta haƙuri. Ta kawo inna shuɗiya, nauyi ya yi, kala ta fito, amma gezarta doguwa ce, tana sarƙe masa yatsu. Na ce a yanke gezar mana. Ta harare ni kamar na ce a yanke wa jariri kunne, wai daga jikin saƙar take, in ka yanke ta ka kwance darduma. Wata 'yar yayi marar zane da aka gwada ba ta da nauyi, zamewa take a kan tayil, kusurwarta na ɗagawa. Auta ya je da kansa ya zaɓo mai ratsin baƙi da fari, wai wannan ba wanda zai ce bai gan ta ba. Direba kuwa ya gan ta, har ya gan ta fiye da kima. Ya dinga ɗaga ƙafa sama-sama yana cewa, "Wa ya gina mini matakala a falo?" Muka yi dariya, har da shi, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Ni dai na san amsar, na kuma san Yaya ta fi ni sani. Da aka naɗe dardumar, fuskar ruwan ƙasa aka sa ciki, saboda haka abin da ke tsaye a lungun nan jajawur ne daga sama har ƙasa, kamar ranar da aka wanke shi. Rana ba ta taɓa shi ba tun zamanin yarinyar. Na kuma lura da wani abu. Direba yana karo da kujera, yana karo da tebur, har da ni ya taɓa yin karo, amma bai taɓa karo da naɗin nan ba. In zai wuce sai ya shafa shi da hannu.

Wata rana Yaya tana shago, na kawo masa abinci, na ce, "Direba, tsakaninka da Allah, kana ganin abin can na lungu?"

Ya ce, "Tun daga ƙofar gida nake hango ta. Ita kaɗai nake gani sosai a gidan nan."

"To ka faɗa mata mana a juya a huta!"

"Kwandasta, rage murya, ba tasha muke ba." Ya laluba ya ajiye cokali. "Ni idona ne ya tafi. Ita kuma in aka kife wurin nan, me ya rage mata? Kayan yarinyar an rabar, littattafanta sun lalace. Wurin nan kaɗai ne da hannunta ta yi. Gara a riƙe ni."

"Kai ɗin? Da kake dukan hannun mutane?"

"Zan koya. In kuwa kika faɗa mata, ba ni ba ke."

Na kama bakina, kuma Allah ya sani ban taɓa aikin da ya fi wannan wuya ba. Haushinsu duka biyun nake ji, tausayinsu kuma ya hana ni sakat. Kowanne ya san abin da ɗayan ke so, kowanne ya yi gum.

Ba a daɗe ba, wata yamma muka taso daga shago tare, muka shigo gida ba wanda ya ji mu. Direba yana kan kujera, abokansa na hira a bencin waje, ana jin muryoyinsu. Sai muka ji ya ce, a hankali, "Auta, zo ka kama ni." Ya miƙa hannu cikin iska, tafin a sama, yana jira. Auta yana can ciki bai ji ba, hannun kuma bai sauka ba. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a rataye, tana kallon hannun nan da ya shekara da shekaru a kan sitiyari. Ta ajiye jakar. Ta je ta kama shi ta kai shi waje.

Washegari ba a buɗe shago ba. Ta sa Auta ya kai ubansa aski, ta ce kar su yi sauri. Suna fita ta cire takalmi a bakin falonta, ta shiga ta zauna daɓas a tsakiya kamar gidan baƙo. Ta duba taga, ta duba ƙofa, sannan ta dube ni da fuskar aiki ta ce, "Wa ke zaune a gidan nan?"

Na ce, "Wani tsoho mai taurin kai, da wata tsohuwa da ta fi shi."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta cire mayafinta ta ninka, ta sake ninkawa, ta rufa a fuska, tana juya kai a hankali tana leƙen ɗakin ta cikinsa. Ta ce, "Ba na ganin kujera. Ba na ganin tebur. Ke ma ba na ganinki, sai dai ina jin numfashinki." Sai kanta ya kai saitin lungu, ya tsaya. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Tun yaushe yake ganinta?"

"Ni fa ban ce komai ba."

"Ban tambaye ki ko kin ce ba."

"Tun ranar da aka jingine ta."

"Ya kuma hana ki faɗa."

"Ya ce ba shi ba ni."

Ta sauke mayafin, idonta ya yi ja. Muka jawo naɗin tare muka warware, fuskar da muka saba ta fito, koɗaɗɗiya, da ƙunar nan a wurinta. Yaya ta rarrafa ta durƙusa a gabanta, ta ɗora hannu, ta bi gefen hoton da yatsa har zuwa tsinin. Na juya baya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Ta ce, "Ke kika ce a juya, na ƙi. To, yau za a juya. Babanki ne ba ya gani."

Ta miƙe ta share fuska da gefen zani ta ce, "Kama can."

Na kama, bayana yana ƙara, muka ɗaga muka kifa. Falon gaba ɗaya ya canza, har bango sai da ya ɗauki ja. Yaya kuwa ba ta tsaya kallo ba, aiki ta shiga kamar dardumar wani ce. Ta goga jiƙaƙƙen ƙyalle, rini bai zuba ba. Ta lanƙwasa kusurwa a kunne, shiru. Ta ɗauko allurar buhu ta bi gefen da ya kama masa yatsa ta ɗinke shi har ya kwanta luf, ta taka ta sake takawa. Filonta kuwa ta ɗauke shi ta ajiye can jikin bango, don wurin taga ba abin da ya rage da za a zauna kusa da shi. Ja ne kawai, sumul, kamar ko'ina.

Muka ji sallamarsu. Auta ya shigo riƙe da hannun ubansa, sai Direba ya ja ya tsaya a bakin falo. Ya buɗe ido, ya ƙanƙance, ya sake buɗewa. Ya zare hannunsa daga na Auta, wannan karon ba duka, a hankali ya zare.

Ya ce, "Kwandasta, ke ce kika faɗa mata?"

Yaya ta ce, "Ba ita ba ce. Ni ma ina da ido. Shigo ka gwada mini, in ba ta yi ba a kawo wata."

Ya tuɓe takalmi. Ya ɗaga ƙafa ya sauke ta daidai cikin jan, ya tsallake gefen tsaf kamar mai shiga da mota gareji. Ya bi ta tsakiya kansa a sama, ya kewaye tebur, don yanzu ƙafafun tebur sun fito a kan ja. Auta ya bi shi da hannu a buɗe, na jawo rigarsa na ce ya bar mutum ya yi tuƙinsa. Na zaci kujera zai nufa, sai na ga ya karkata wajen taga. Ya rage tafiya, yana jan ƙafa a hankali, yana lalube da babban yatsa. Can ya tsaya.

Ya ce, "Mai Darduma, zo."

Ta zo.

"Kawo hannunki. Nan. Danna."

Ta durƙusa ta danna inda yatsansa yake. Ni daga inda nake ban ga komai ba, ja ne kamar sauran. Amma wuta ta ƙandarar da zaren wurin tun ranar, kuma taurin ya ratso har wannan fuskar, ɗan wuri kamar faɗin tafi. Na ga yatsunta suna bin gefensa, suka tafi har suka haɗu a tsini.

Direba ya ce, "Na daɗe da daina ganinsa. Da ƙafa nake gaishe ta kullum. Tana nan, ba inda ta je."

Yaya ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun ranar rasuwar, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa ya isa, za ta sa rini ya zuba. Ni ma na yi nawa, Auta ya rasa wanda zai rarrasa. Da ta natsu ta ce in miƙo mata filonta. Ta mayar da shi wajen taga, ta zauna, ta ɗora hannun hagu inda ya nuna mata.

A waje abokansa suka fara kiran sunansa. Direba ya gyara hula a kan sabon aski, ya juya ya nufi ƙofa, ba wanda ya riƙe shi.